Ran Jarumi a Bisa Takarda: Nazari kan Lissafin Wasan Dungeons & Dragons

A filin kokowa na Bazaga, kamar a sauran garuruwan ƙasar Ƙonni, ba a tambayar sauran ƙarfin da ya rage wa ɗan kokowa. Da zarar an kai shi ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su koma kan wanda ya yi kaye. Haka dokar take har a gasar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. To amma akwai wani wasa da ya ɗauki wata hanya dabam: ya mayar da ran jarumi adadi, ana rubutawa, ana ragewa.

Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana zama ne a kewaye da tebur, mutum ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa. Kowane jarumi yana da abin da za a iya kira makin rai. Duk sara ko suka da ya same shi sai a rage makin. In ya kai sifiri, jarumi ya faɗi.

A bugun 2014 ga yadda lissafin yake. Kowane rukunin jarumai yana da ƙwayar jefawa irin ta ludo, sai dai yawan fuskokinta ya bambanta: mayaƙi goma, matsafi shida. A matakin farko mayaƙi yana samun 10, a haɗa da ƙarin da ƙarfin jikinsa ya ba shi. In ƙarin 2 ne, ya tashi da 12. A kowane mataki na gaba, ko dai ya jefa ƙwayar, ko ya karɓi 6, sannan a ƙara 2 ɗin. In ya bi hanya ta biyu, a mataki na biyar yana da 44. Matsafi mai irin wannan jiki 32 yake samu, talaka kuwa a littafin wasan 4 kacal aka ba shi.

A nan ne abin dubawa yake. Yaya jikin mutum ɗaya zai ninka na ɗan'uwansa sau goma sha ɗaya? Kuma mayaƙin da saura maki ɗaya ya rage masa yana sara da ƙarfin da yake da shi tun farkon yaƙi, sai ka ce rauni ba ya taɓa jijiya. Gygax da kansa ya ga wannan giɓi, shi ya sa a littafinsa na jagoran wasa na 1979 ya bayyana cewa yawancin makin ba tsoka ba ne. Gwaninta ce da sa'a da kariyar sihiri. Wannan bayani ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƴan tauri, ko ya ji labarin layar zana da baduhu.

Duk da haka lissafin yana da wata fa'ida da labaran jarumtaka na Hausa ba su cika bayarwa ba. Mai karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ba ya fargabar cewa jarumin zai halaka, domin shi ne ke ba da labarin da bakinsa. A teburin wasa kuwa babu wannan tabbaci. Adadi yana sauka a gaban idon kowa, har jarumi ya koyi ja da baya da neman taimakon aboki.

Saboda haka malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu da ke son aron wannan dabara, domin koyar da lissafi ko farfaɗo da tatsuniya, ya kamata su ari adadin su bar ma'aunin da ya sa talaka a 4. A kokowa, ƙaramin da ba a san shi ba yana iya kayar da zakara cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ne ke tara jama'a a fili. Wasan da za a gina da jarumai na Hausa, in bai bar wa irin wannan kaye ƙofa ba, ya rasa abin da ƴan kallon Bazaga suka daɗe da sani.