3.4 Hukuncin Fashi da Kariyar Wanda Ake Tuhuma a Jihar Zamfara

Idan aka yi nazarin kundin hukunce-hukuncen Shari'a da Jihar Zamfara ta fara aiki da shi a shekarar 2000, za a ga ya kira fashi da sunan hiraba, kuma ya kasa hukuncinsa gida huɗu. Wanda ya tsorata mutane kawai, ɗaurin rai da rai. Wanda ya ƙwace dukiya bai yi kisa ba, a yanke masa hannun dama da ƙafar hagu. Wanda ya yi kisa a kashe shi, wanda ya haɗa kisa da ƙwace kuwa a tsire shi.

Wannan tsari yana da sauƙin bi, amma ba shi ne ra'ayin mazhabar Malikiyya ba, alhali ita ake bi a ƙasar Hausa. A wurin Malikawa, matuƙar ɗan fashi bai yi kisa ba, shugaba yana da zaɓi tsakanin hukunce-hukuncen da suka zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, gwargwadon haɗarin mai laifin. Haka nan korar da ayar ta ambata sun fassara ta da tsarewa a wani gari har tubansa ya bayyana. Ɗaurin rai da rai kuwa ya toshe wannan ƙofa, domin ko fursuna ya shiryu, hukuncin bai tanadar masa ranar fita ba. Nan ne babban raunin kundin.

Ta fuskar kariya ma akwai abin dubawa. A fiƙihu, tuba kafin kamu yana sauke haddi, sai dai haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Dokar soja ta 5 ta 1984, wadda ake gurfanar da 'yan fashi da makami a kanta a Babbar Kotun Jiha, ba ta san wannan ba. Da zarar an tabbatar da fashi da riƙon makami, kisa ne, ko da ba a ji wa kowa rauni ba. Abin da yakan rage wa wanda ake tuhuma shi ne ya nuna ba ya wurin lokacin da abin ya auku, ko ya soki yadda shaidu suka gane shi, kamar yadda aka yi a shari'ar Bozin a Kotun Ƙoli a 1985. Ke nan mutum biyu masu laifi iri ɗaya, a jiha ɗaya, ɗaya zai iya rasa hannu da ƙafa, ɗaya ya rasa ransa, bisa ga kotun da aka kai kowannensu.