Talabijin da Daidaita Adabin Gargajiya a Indiya: Tarken Shirin Ramayan

Gabatarwa

Masana da dama, idan suna tsokaci kan tasirin talabijin a nahiyar Asiya, sukan ɗora laifin gurɓacewar al'adu a kan shirye-shiryen Turawa. Wannan maƙala za ta nuna cewa a Indiya babban sauyin daga cikin gida ya faro, ta hanyar tarken shirin Ramayan na Ramanand Sagar.

Bunƙasar Talabijin

An fara watsa shirye-shiryen talabijin a Delhi cikin 1959, amma kafar ba ta game ƙasa ba sai bayan wasannin Asiya na 1982, lokacin da aka shigo da hoto mai launi. Har zuwa farkon shekarun 1990 tashar gwamnati, Doordarshan, ita kaɗai ke da fage. A wannan yanayi ne aka nuna Ramayan, kashi 78, kowace safiyar Lahadi daga Janairun 1987 zuwa Yulin 1988. Tituna kan yi tsit, wasu ma kan rataya wa akwatin furanni kafin a soma.

Tarke

Labarin Rama ba shi da siga ɗaya. Akwai ta Valmiki cikin harshen Sanskirit, da ta Kamban cikin Tamil, da ta Tulsidas cikin karin Awadhi a ƙarni na 16. A ruwayar mabiya addinin Jain, Lakshmana ne ya kashe Ravana, a wata ruwayar Buda kuwa Rama da Sita wa da ƙanwa ne. Wannan yalwa ce A. K. Ramanujan ya bayyana a maƙalarsa kan Ramayana ɗari uku. Sagar ya fi dogara da Tulsidas, ya fito da Rama a matsayin abin bauta marar aibi, sannan ya sa wa 'yan wasa Hindi mai cike da kalmomin Sanskirit, wanda ya yi nisa da harshen kasuwa da ya cuɗanya da Urdu.

Ba laifi ba ne mai fasaha ya zaɓi ruwaya guda, domin haka kowane mai ba da labari ke yi. Illar ita ce mai labarin ƙauye yana da abokan hamayya, tashar gwamnati kuwa ba ta da su. Saboda haka ruwayar arewa ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kamar yadda daidaitaccen harshe kan mayar da kare-karensa saniyar ware. Masaniyar tarihi Romila Thapar ta yi wannan gargaɗi tun 1989. Siyasa ma ta ci moriyar abin: waɗanda suka fito a matsayin Sita da Ravana sun ci zaɓen majalisar tarayya a 1991 ƙarƙashin jam'iyyar BJP, mai fitowa a matsayin Rama kuma a 2024.

Kammalawa

Ya kamata a yaba wa shirin don ya isar da tsohon adabi ga waɗanda ba su iya karatu ba. Haka kuma zuwan Sun TV mai harshen Tamil a 1993 ya sake buɗa wa harsunan jihohi ƙofa. Duk da haka, fuskar Rama da aka dasa a zukata ba ta gushe ba, kamar yadda karɓuwar maimaicin shirin a 2020 ta nuna. Abin da ya rage ga manazarcin harshe shi ne ya riƙa tambaya: wace ruwaya aka ɗauka, da wane kari, kuma wace aka bari?