Keken Ɗinki a Laburare

A dā in an ce laburare, abin da kowa ya sani shi ne littattafai jere a kan kanta, da ma'aikaci mai hana surutu. Amma a Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, al'amarin ya sāke. Ran 5 ga Disamba, 2018, aka buɗe wani laburare mai suna Oodi, daura da majalisar ƙasar. Hawa uku gare shi. A na tsakiya aka sa kekunan ɗinki, da injuna masu ƙera ƙananan kaya da roba, da ɗakunan ɗaukar waƙa. Littattafai kuwa, wajen 100,000, galibinsu suna hawan sama.

Mai suka ya iya cewa an mai da ɗakin karatu maƙera. Maganarsa ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba, gama inji ya fi littafi jan ido, kuɗin da ya ci kuwa da littattafai aka saya da su.

Amma a tuna abin da ya sa aka kafa laburare tun farko, watau talaka ya sami abin da ba shi da halin saya. Wanda ya karanta yadda a ke ɗinka riga, alhali ba shi da keke, karatunsa bai kai shi gaci ba.

Hikimar maginan Oodi ita ce da suka raba wurin, mai karatu bai rasa inda zai natsu ba. Muddin keke yana taimakon littafi, madalla. Ran da ya kore shi kuwa, gidan ya tashi daga laburare.