Aboki ko Masoyi? Bege a Waƙoƙin Majami'a

Ƴan'uwa ɗalibai, kalma guda nake so mu duba: bege. A bakin malaman waƙa na ƙasar Hausa, bege shauƙi ne mai hana barci, irin na wanda ya ƙagu ya ga masoyinsa. A majami'a kuwa, ma'anarta ta fi karkata ga sa zuciya ga abin da ke zuwa. A ganina, tazarar nan ita ce raunin yawancin waƙoƙin da Kiristocin ƙasarmu suka gada tun zuwan mishan ta SIM Damagaram a 1924.

Mu ɗauki waƙar Joseph Scriven, wadda ta kira Yesu aboki. A 1855 ya rubuta ta, yana Kanada, don ya lallashi mahaifiyarsa da ke Ailan. Mutumin ya san rashi: wadda zai aura ta nutse a ruwa ana gobe biki. Shi ya sa waƙar ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ta dai ce wa mai damuwa ya kai kukansa gun Mai Ceto da kansa. Tushenta na cikin Yohanna sura ta 15, inda Yesu ya kira almajiransa abokai. Nan ƙarfinta yake.

To, amma in aka juyo irinta zuwa Hausa, abu biyu kan zube a hanya. Na ɗaya, aboki a wurinmu har wanda kuke shan shayi tare a fada ne. Wanda ake faɗa wa sirri, ai amini ne. Na biyu, karin waƙar na Turawa ne, alhali Hausa tana da gaɓa mai nauyi da mara nauyi, da hawa da saukar murya. Sai ka ji an ja gajeren wasali, an datse dogo. Baki na rerawa, kunne na gyara kalmomi, zuciya tana jiran a zo kanta.

Ban ce a ajiye Littafin Waƙoƙi ba, ya raini tsara bayan tsara. Amma ku saurari zumuntar mata in sun ɗauki ganga suna rera nasu: nan ne za ku ji mutum yana kiran Mai Cetonsa da muryar gida. Matasanmu masu rubutu, ku fara koyo daga wurinsu. Mai bege da harshen uwarsa yake kuka.