Littafin da ya ba gidan sinima darajarsa

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan sinima marar rufi, iskar dare tana kaɗa shi, to ya nemi littafin Brian Larkin mai suna Signal and Noise, wanda ya fito a 2008. Da Turanci aka rubuta shi, a Kano kuma aka yi binciken, amma wallahi har da mu mutanen Damagaram yake magana. Tsakaninmu da Kano tafiyar ƴan awoyi ce, kuma finafinan Indiyan da suka rikita samarinsu su ne suka rikita namu.

Babin gidajen sinima shi ya tafi da hankalina. Mutumin nan bai tsaya a kan fim ba, ginin kansa ya zuba wa ido: a ina aka kafa shi, wa ya gina, su wa ke shiga. Gidan sinima na Rex, da aka buɗe a 1937, a wajen ganuwar Kano yake, kuma sama a buɗe. Kai, wannan gini ya san ƙasarmu! Doguwar katanga ta kewaye fili, allo ɗaya tilo ya miƙe a gaba, ɗakin na'ura yana baya yana harbo haske ta saman kawunan mutane. Mai ƙaramin kuɗi ya matsa kusa da allo, mai hali ya zauna a baya. Ba a fara fim sai duhu ya yi, ba a bukatar fanka, idan hadari ya haɗo kowa ya ɗaga kai yana lissafi. Tsakar gida ce aka faɗaɗa don ta ɗauki gari. Na daɗe ina ƙaunar irin wannan wuri, amma sai a wannan littafi na ga an yi masa bayani da mutunci, kamar yadda ake yi wa tsoffin gidajen unguwar Birni ta Zinder masu zanen bango.

Kuma bai ɓoye ɗacin ba. Gobarar gidan sinima na El Duniya ta 1951 ta ci rayuka 331, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952, kusa da kasuwar Kurmi, malamai da dattawa suka tayar da jijiyar wuya. Larkin ya saurari masu ƙi da masu so, bai raina kowa ba, abin da ya ƙara masa girma a idona ke nan. Palace ɗin nan ita ce Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe a 1983 ya mayar asibiti. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, kallo ya koma ɗaki.

Ina roƙon a fassara babin nan zuwa Hausa, don tsoffin ƴan kallo su karanta tarihinsu. Ina kuma roƙon ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder su yi mana irin wannan aiki a gida: su auna katangun da suka rage, su ɗauki hoto, su zauna da dattawan da suka sayar da tikiti da waɗanda suka juya na'ura, su naɗi muryarsu tun suna da rai.