Masu Fitila da Lasifika: Sana'ar da ke Jiran Matasan Kilomita Biyar

Ranar 30 ga Nuwamba 2015, Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar Kilomita Biyar a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a lokacin da unguwar ke fama da zaman ɗar-ɗar. Gidajen talabijin na duniya sun ɗauki jawabinsa. Kafin muryar ta kai ko'ina, sai da wasu suka ja waya, suka kafa makirufo, suka daidaita sauti. Waɗannan mutanen ba a ambatar sunansu a labarai, amma in babu su taro ba ya yiwuwa, ko na wa'azi ne, ko na biki, ko na wasan kwaikwayo.

Aikin bayan fage ke nan: haske, sauti, ginin dandamali, ɗinkin sutura, tsara shiga da fitar 'yan wasa. Sana'a ce da ake ci da ita, kuma har yanzu masu koyar da wasan kwaikwayo a wannan yanki na Afirka ba su ba ta matsayin da ya dace ba.

A Bangui abin ya ɗan fara motsi, sai dai ta ɓangaren fim. A 2017 ƙungiyar Ateliers Varan ta Faransa, tare da cibiyar Alliance Française da darakta Boris Lojkine, ta horar da wasu matasa yadda ake riƙe kyamara da ɗaukar sauti. Cikinsu akwai Elvis Sabin Ngaïbino, wanda ya yi fim ɗin Makongo a 2020, da Rafiki Fariala, wanda aka nuna fim ɗinsa kan rayuwar ɗaliban Jami'ar Bangui a bikin fina-finai na Berlin a 2022. Ga ƙasar da fim ɗinta mai tsawo na farko, Le Silence de la forêt, bai fito ba sai 2003, wannan babban ci gaba ne. A ɓangaren dandamali kuma akwai Espace Linga Tere, cibiyar da Vincent Mambachaka ya kafa a 1990 a unguwar Galabadja, wadda ta daɗe tana rainon 'yan wasa.

Duk da haka sunayen daraktoci ake riƙewa. Matashi in ya ce zai shiga harkar wasa, gaban kyamara yake hange. Iyaye kuwa da sun ji kalmar wasa sai su ɗaure fuska, su ce ya koma shago.

Ai shagon ma makaranta ce. Duk wanda ya ratsa kasuwar Kilomita Biyar, babbar cibiyar cinikin Bangui, zai ga teloli da kafintoci da masu walda da masu gyaran waya da rediyo. Wutar da ake jawowa daga tashar ruwa ta Boali ba ta wadatar da birnin, don haka yaran unguwa da yawa sun san cikin janareta da batir da faifan sola. Yaron da ya iya raba wuta ba tare da ya ƙona waya ba ya riga ya yi rabin tafiya zuwa zama mai kula da fitilun dandamali. Abin da ya rage a koya masa shi ne karanta rubutun wasa, ya san inda ake rage haske domin baƙin ciki ya shiga zuciyar mai kallo, da inda ya kamata lasifika ta yi shiru. Telan da ke ɗinka babbar riga zai gane da wuri dalilin da ya sa ake yi wa suturar ɗan wasa ɗinkin da za a iya cirewa cikin minti ɗaya a bayan labule.

Ƙasar Hausa tana da misali da ya dace a duba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Michael Etherton ya fara kwas ɗin wasan kwaikwayo a 1975. Shekara guda bayan haka aka kammala gidan wasa na Samaru wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana, aka gina shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe: ɗakuna zagayayyu kewaye da tsakar gida, ana wasa a tsakiya. Maginan gargajiya ne suka ɗora tubalin. Jami'a ta kawo tsari, masu sana'a suka kawo hannu, aka sami ginin da ya yaye ɗalibai shekara da shekaru. Daga nan ne su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da wasa zuwa ƙauyuka, ana tattauna matsalolin manoma a fili.

A Kano kuwa, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, yawancin masu sauti da haske a gindin ubangida suka koyi aiki, kamar yadda ake koyon kanikanci. Wannan hanyar tana da rauninta, domin kuskuren maigida yaronsa ke gada. Amma tana ɗorewa, saɓanin bitar 'yan makonni da ƙungiyoyin agaji ke shiryawa su watse da ƙarewar kuɗi.

Shi ya sa ya kamata cibiyoyin al'adu na Bangui su shigo Kilomita Biyar da kansu, su nemi iyayen gidan shaguna, su ɗauki yaransu horo na wata shida ko shekara, da takardar shaida a ƙarshe. Rikicin da ya ɓarke a Disamba 2013 ya raba unguwar da sauran birnin na tsawon lokaci, kuma aikin da zai haɗa mai jin Hausa da mai jin harshen Sango a kan na'urar sauti ɗaya yana da amfani na daban. Wanda ya kammala zai yi aiki a dandamali in akwai wasa, sauran makonni kuma ga maulidi, ga ɗaurin aure, ga tarukan ƙungiyoyi, dukkansu suna biyan mai lasifika.