Masani daban, malami daban: sharhi a kan horon ɗaliban kimiyya a Maraɗi

A wannan ɗan sharhi muna so mu duba wani giɓi da ke cikin horon ɗaliban kimiyya masu shirya mastar da dakta. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana yaye masana lissafi da sinadarai da noma, kuma da yawansu aji ke jiran su. Sai dai bincike ake koya musu, ba koyarwa ba. Hukumar CAMES ma, wajen ƙarin girma, ta fi auna rubuce-rubucen malami bisa ga darasinsa. Shi ya sa sabon malami yake kwaikwayon abin da ya tarar: ya yi shifta, ɗalibai su hardace.

A ganinmu, tushen matsalar yana cikin harshe. Yaron da ya tashi da hausa yana da kalma guda, «nauyi», inda faransanci ya raba «masse» da «poids». «Zafi» ya haɗa «chaleur» da «température», «ƙarfi» kuwa ya haɗa «force» da «énergie» da «puissance». Malamin da bai lura da wannan ba zai ɗauka yaron ba shi da kai, alhali ma'anoni ne suka cakuɗe masa.

Abin ya wuce aji. A Tsibiri, ruwan famfo mai yawan sinadarin fuluwor ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, lamarin da ya fito fili wajajen 2000. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 1,5 a lita. Ina amfanin masanin da ya san wannan adadi, amma ya kasa bayyana wa uwa dalilin da ya sa ruwa garau yake cutar da ɗanta?

Tun 1964 Abdu Mumuni, masanin makamashin rana, ya kare koyarwa da harsunan gida a littafinsa L'Éducation en Afrique. A 2025 kuma an ayyana hausa harshen ƙasa. Bisa ga haka muna ba da shawara: kafin ɗalibi ya kare kundinsa, ya gabatar da darasi biyu a kan bincikensa, ɗaya da faransanci a gaban ƴan lise, ɗaya da hausa a gaban manoman Jiratawa, a kuma ba shi maki a kansu. Mu masu nazarin harshe, namu aikin shi ne mu zauna da su mu tace kalmomin.